Kurakurai Ɗari Huɗu da Sha Biyu na Casimiro Hodge

Ranar Alhamis, goma sha uku ga watan Fabrairu, 2025, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, Allah Ya karɓi ran Casimiro Hodge, wanda duk garin Santa Brigida ya sani da Miro. Ya cika a gidansa da ke bayan tsohon layin dogon masana'antar sukari, yana da shekara saba'in da shida, bayan ya sha fama da ciwon ƙoda. Washegari muka kai shi makwancinsa. Lokacin yankan rake ne, manyan motoci sun cika hanya, sai da muka tsaya da gawa sau uku kafin mu isa maƙabarta. Rai baƙon duniya ne, daga Allah ya zo, gare Shi yake komawa.

Ni ne Leoncio Peguero, tsohon malamin makaranta, kuma magatakardan wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da sanda, na Gasar Gabas har shekara arba'in da ɗaya. Ƙungiyar tsofaffin 'yan wasa ta ce in rubuta wani abu a kanka, Miro, wai ni ne mai alƙalami. Gaskiya na gaji da rubuta ta'aziyya. A shekara uku na raka mutum goma sha ɗaya kabari daga cikin waɗanda na saba rubuta sunayensu a jere kafin a fara wasa. Baƙar rigata har ta koɗe a kafaɗa. Shekarata saba'in da tara, gwiwa ba ta ɗaukata, ido ya yi rauni, kuma na lura duk abin da nake faɗa a kan matattu iri ɗaya ne, suna kawai nake canzawa. Taka ba za ta yiwu haka ba, domin akwai tambayar da ka yi mini da ranka, ka tafi ban ba ka amsa ba.

Jaridar lardi ta ba ka layi huɗu. Ta ce ka yi wasa shekara goma sha biyar, daga 1968 zuwa 1982, wasanni ɗari takwas da saba'in, kuma kai ne ɗan wasan da ya fi kowa yawan kuskure a tarihin gasar: ɗari huɗu da goma sha biyu. Ba su yi ƙarya ba. Wanda ya rubuta labarin bai taɓa ganinka a fili ba, ina jin ko uwarsa ba a haifa ba lokacin da ka fara. Lambar ya gani ya kwafa. Wannan lambar kuwa, tun daga ɗaya har zuwa ta ƙarshe, da hannuna na rubuta ta.

Masu tasowa yanzu suna ganin lambobin 'yan wasa a waya, suna tsammani daga sama suke faɗowa. Mutum ne ke zaune a wani ɗan ɗaki saman rumfar 'yan kallo, da fensir da littafi, zafi na dafa shi. Idan mai bugu ya doki ƙwallo ta nufi mai tsaro, ta kuɓuce masa, mai bugun ya isa tasha lafiya, sai filin gaba ɗaya ya ɗaga kai ya dubi wannan ɗakin. Hukunci biyu ne. Ko magatakarda ya ce bugun ne ya yi kyau, ya rubuta wa mai bugu ci. Ko ya ce mai tsaro ne ya yi sake, ya rubuta masa kuskure. Babu na uku, babu kuma wanda za a kai ƙara wurinsa. Aikin yana da wani mugun hali da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba: ƙwallon da mutum bai kai gare ta ba, ba a tuhumarsa da ita. Wanda ya tsaya ya kalle ta ta wuce, littafinsa fes. Wanda ya ruga ya miƙa hannu ya taɓa ta, ta faɗi, shi ne a bakin fensir.

Kai kuwa ba ka iya kallon ƙwallo ta wuce ba. Kana tsare tsakanin tasha ta biyu da ta uku, wurin da muke wa lamba shida, amma a gaskiya rabin filin naka ne. Na ga ka kama ƙwallo a bayan tasha ta biyu ka jefa kana faɗuwa. Na ga ka bi ta har gindin shingen 'yan kallo, ka dawo da ita da ɓawon lemo manne a gwiwa. Filinmu na wancan lokacin ba fili ba ne, fegi ne da aka ƙwace daga hannun awaki, tsakuwa ta fi ciyawa yawa. Kowace ranar wasa kana zuwa tun rana ba ta yi zafi ba da bokitin ƙarfe, kana bi kana tsince duwatsu. Ba wurinka kaɗai kake tsincewa ba, har wurin mai tsaron tasha ta uku, wanda shi a lokacin yana gida yana cin ayabarsa da soyayyen cuku. Mun sha yi maka dariya, muna cewa masana'anta ta ba ka aikin birkin jirgin rake, kai ka ƙara wa kanka na shara. Sai ka ce haƙoran mutane kake tausayi, kada ƙwallo ta daki dutse ta tashi a bakin wani.

Alherinka ba irin wanda ake shela da shi ba ne. Akwai wata jakar fata da kake yawo da ita, da basilla da zare mai kakin zuma a ciki. Ba na jin akwai safar kama ƙwallo guda a duk gasar da ba ta bi ta hannunka ba, har ta abokan hamayya. Na taɓa ganinka a motar da ke kai mu wasa, hanya duk ramuka, kana ɗinke safar mutumin da za ka kara da shi da yamma, saboda ya aiko maka da ita tun Laraba. Direba ya ce maka, "Miro, kai wane irin soja ne, kana wasa wa maƙiyi wuƙa?" Ka ce in ya yar da ƙwallo, kana so ya zama shi ya yar, ba safar ba.

Ni kaina ina da nawa kason. Shekarar da matata Ondina ta kwanta, likita ya ce ana bukatar jini, danginta suka fara duban rufin asibiti. Kai ka sauko daga aiki da baƙin mai a hannu, ka nannaɗe riga, ka bayar, ka koma bakin aiki ba ka ko zauna ka sha ruwan rake ba. Da ta rasu bayan shekaru, wata uku cur kana zuwa gidana kowace yamma da akwatin domino. Ba ka taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Zama kake yi ka baza ƙwayoyin a tebur ka ce, "Zubi naka ne." Wannan ya fi mini duk jawaban da aka yi a coci.

A watan Maris na 1969 ka riƙe 'yata Nurys a gaban limamin coci ranar baftismarta, muka zama kompadre, wato uban 'ya da ubanta na baftisma. Kowa ya san nauyin wannan kalma a wurinmu, ɗan'uwa ma wani lokaci bai kai ta ba. Daga nan matsalar ta faro, ko da yake ba laifinka ba ne, ba kuma laifin jaririyar ba.

Wata huɗu bayan haka, a wani wasa na ranar Asabar, aka doko wata ƙwallo mai zafi ta ɓangaren damanka. Ka yi tsalle ka tare ta da bakin safa, ta subuce. Na rubuta ci, kuma har gobe na san daidai na rubuta. Sai dai abin da magatakarda ya sauke wa mai tsaro, mai jifa, wanda ke jefa wa mai bugu ƙwallo, yake ɗora wa. Mai jifanmu na ranar, Ulpiano, mutum ne mai ƙaramin jiki da babbar murya. Ana tashi daga wasa ya tsaya a ƙasan ɗakina, gaban mutane kusan dubu, ya ɗaga kai ya ce:

"Kai malam! Wannan ma ci ne? To ka sauko ka riƙe masa safar mana! Ya riƙe maka 'ya a coci, kai kana riƙe masa ƙwallo a littafi. Allah Ya ba mu irin wannan kompadre!"

Fili ya ɗauki dariya. Mai sharhi a rediyo ya maimaita maganar ranar Litinin, ya ƙara mata gishiri. Sati guda ina tafiya makaranta masu shaguna suna kirana magatakardan kompadre. Shekarata ashirin da uku, ba ni da gona, ba ni da mota, abin da na mallaka a duniya shi ne a ce Leoncio ba ya son kai. Maganar ta shige ni fiye da yadda na nuna. Ban zauna na yanke wata shawara ba, ban taɓa ce wa kaina zan cuce ka ba. Amma daga wannan satin, duk lokacin da ƙwallo ta taɓa safarka ta faɗi, kafin in ga abin da ya faru a fili, muryar Ulpiano nake fara ji.

Wanda na gada a aikin, marigayi Don Hilario, ya koya mini wata al'ada. Ya ce idan ka yanke hukunci zuciyarka ba ta kwanta ba, ka sa ɗan ɗigo a gefen abin da ka rubuta, ka tafi gida ka kwana da shi. Doka ta ba magatakarda awa ashirin da huɗu ya gyara hukuncinsa, bayan nan bakin alƙalami ya bushe. Na riƙe al'adar ɗigon har na bar aiki. Cikin waɗannan awoyin ne 'yan wasa ke sintiri a ƙofar gidana. Wani ya zo da soyayyen kifi, wani da kwalba, wani da kuka, wani da zagi. Akwai wanda ya turo mini kakarsa. Kai gidana kamar naka ne, kana shiga har kicin ka buɗe tukunya, amma a shekara goma sha biyar ba ka taɓa buɗe baki ka ce in sake duba wani hukunci ba. Na riƙa gaya wa mutane wannan a matsayin yabo gare ka. Yanzu na gane shirunka sauƙi ya yi mini, ni kuwa na hau kansa na zauna.

A 1971 wani Ba'amurke mai neman 'yan wasa ya zo garin. Kowa ya san kai ya zo gani, har mai sayar da rake a bakin fili ya sani. Kwana uku zai yi. Ruwa ya hana wasan farko, ya hana na biyu, a na uku kuma ƙwallo biyu kacal suka zo wurinka, masu sauƙi, irin waɗanda ni ma zan kama. Da zai tafi sai ya ce a ba shi lissafin shekarar. Ni na buga masa a keken rubutun makaranta, a tsanake, ba gogewa ko ɗaya. Takardar ta ce Casimiro Hodge, kuskure talatin da takwas. Ta ce Nicanor, mai tsaron wuri ɗaya da kai a wata ƙungiyar, kuskure tara. Nicanor da muke kira Turke, saboda inda aka kafa shi nan za a dawo a same shi. A takardar akwai wani layin da ya nuna kai ka taɓa ƙwallo ɗari uku da saba'in da bakwai, shi ɗari biyu da talatin da ɗaya, amma mutumin yana sauri, motarsa na jira, kuma ban nuna masa layin ba. Na ce a raina ba aikina ba ne in yi wa kompadrena talla.

Aka tafi da Turke. Ya yi shekara biyu a can ya dawo da haƙorin zinariya da tumbi. Ba na zarginsa, Allah Ya ji ƙansa, shi ma yana cikin goma sha ɗayan da na raka. Kai ka koma kan jirgin rake, kana wasa a watannin da masana'anta ke rufe, har gwiwarka ta ce ta gaji.

Sau ɗaya tak ka taɓa kusantar maganar. Muna buga domino a ƙofar shagon kan kwana, bayan wani wasa da na rubuta maka kuskure uku. Ka ajiye ƙwaya a hankali, ba ka dube ni ba, ka ce, "Kompadre, duk gudun da nake yi a filin nan, fensirinka ya fi ni." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce maka doka ce. Ka ce, "Na sani, ai shi ya sa muke alfahari da kai." Har yau ban san ko da gaske ka faɗa ba, ko kuwa mari ne ka naɗe a cikin tsumma.

Da aka sake gina filin, aka fara kafa allunan tagulla a bangon shiga da sunayen waɗanda garin ke tunawa da su. Kwamitin mutum bakwai ke zaɓe, ina cikinsu. A 2007 aka kafa nawa. An rubuta a ƙasan sunana wai fensirin da bai san ɗan'uwa ba. Kana wurin ranar, da farar rigarka ta coci, ka fi kowa tafi. Sunanka ya zo gaban kwamitin sau uku. Kowane zuwa sai wani ya buɗe takarda ya karanta: cikin ƙwallo dubu, ɗari tara da ashirin da ɗaya kawai ya kama lafiya, mafi ƙasa a duk waɗanda suka daɗe a wurin. Ni nakan ɗaga hannu in zaɓe ka, in ce ai lamba ba ta faɗin komai duka. Sai su yi murmushi su ce, "Don Leoncio, kai da ka rubuta?" Ƙuri'a biyu kake samu, wani lokaci uku. In fito in same ka in ce an kusa, sai baɗi.

Ranar Lahadi biyar ga Janairun bana na je duba ka. Ka rame ƙwarai, ƙafafu sun kumbura, kana kan kujera mai lilo a baranda da bargo a cinya duk da zafin. Matarka Fela ta kawo mana kofi ta koma ciki. Mun yi hirar ruwan sama da tsadar ayaba da waɗanda suka mutu. Har na ɗauki hulata sai ka ce:

"Kompadre, littattafan nan naka suna nan, ko gara ta cinye?"

Na ce suna nan a akwati.

"To ina da roƙo. Ba don allon bango ba, wannan na bar wa masu rai. Ɗari huɗu da sha biyun nan. Na kwana da su shekara arba'in, ina kwance ina ƙirga su kamar mai ƙirga awaki. Wasu na san nawa ne, har yanzu ina jin su a yatsa. Wasu kuwa ban sani ba. Ka duba mini. Nawa ne nawa na gaskiya?"

Na ce ai duk abin da ke littafi na gaskiya ne. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka.

"Kai tsohon banza, ni za ka yi wa jawabin kwamiti? Na san kana sa ɗigo. Tun ina saurayi nake leƙa littafinka in ka tafi fitsari. Ban iya ƙirga su ba ne kawai, kullum kana saurin dawowa."

Na ce zan duba, in kawo maka amsa Lahadi mai zuwa. Ka ce to, ka ce in gaishe da Nurys.

Kwana uku aikin ya ɗauke ni. Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, littafi goma sha biyar, takardun sun yi ja, suna warin kyankyaso. Na zauna a bakin taga da gilashin ƙara girman rubutu, ina bin shafi ɗaya bayan ɗaya, duk inda na ga kuskure da lamba shida sai in duba gefensa. Ranar Laraba kafin azahar lambar tana hannuna. Daga nan na yi abin da ba ka roƙe ni ba, na bi lissafin sauran masu tsaron wurinka, har da Turke. Su ma suna da ɗigo, da yawa. Amma nasu kusan duka a gefen ci suke. In na yi shakka a kan wani, sai in sauke masa. In na yi shakka a kanka, sai in ɗora maka. Shekara goma sha huɗu ina haka, ban saɓa ba, kuma babu ɗigo ɗaya naka da na koma na gyara cikin awa ashirin da huɗun da doka ta ba ni.

Na rubuta lambar a bayan takardar magani na sa a aljihun riga. Lahadi ta zo na ce gwiwata. Ta biyu na ce bari in sake ƙirgawa, kada in kai maka abin da ba daidai ba, na sake, ta fito yadda take. Ta uku aka yi ruwa, na ji daɗin ruwan. Ta huɗu na sa takalmi na fito har bakin titi, mai babur ya tsaya, na ce masa ya wuce. Ta biyar ban ma nemi dalili ba. Ba nisa ne ya hana ni ba, tsakanin gidana da naka minti goma ne. Na kasa tunanin yadda zan zauna a gabanka in faɗi lambar, kai kuma ka yi abin da na san za ka yi, ka ce ba komai. Na ɗauka akwai sauran lokaci. Mai shekara saba'in da tara da ya binne mutum goma sha ɗaya ya ɗauka akwai sauran lokaci.

Ranar addu'ar kwana tara gidanka ya cika har titi. An kafa rumfa, an dafa tukwane uku na romo da rogo da ayaba, tsofaffin 'yan wasa sun zo daga garuruwa biyar, wasu da sanda, wasu a keken guragu. Bayan an sauke labulen makoki an kashe kyandirori, na sami Fela ita kaɗai a bayan gida tana zaune a kan turmi, ta cire takalma. Na yi mata gaisuwa. Ta ce in ci abinci. Na ce na ci. Na ciro takardar na ce akwai saƙon da marigayi ya ba ni, ban samu na kawo ba. Ta dubi takardar, ba ta karɓa ba.

"Lahadi biyar, kompadre Leoncio," ta ce. "Kowace Lahadi sai ya sa an kira mai aski. A sa masa riga mai guga, a fito da shi baranda, in kawo kofi biyu. Babur ba zai tsaya a layin nan ba sai ya ɗaga kai. Ta uku na ce bari in kira mutumin nan a waya in ji ko ƙafarsa aka yanke. Ya hana ni. Ya ce, ƙyale shi, Fela, littattafan da yawa, idonsa kuma ba shi da kyau, yana nan yana dubawa."

Na tsaya da takarda a hannu kamar yaron da aka kama da satar amsa. Ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, ba da faɗa ba, da gajiya:

"Ni ban san lissafinku ba, ban taɓa sani ba. Mai tambayar ba ya nan. Ka kai wa waɗanda ka ɓoye wa."

To ga shi na kawo. Ihu ne bayan hari, na sani, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Miro, ɗari da hamsin da bakwai ne. Cikin kurakurai ɗari huɗu da goma sha biyu da na rubuta maka, ɗari da hamsin da bakwai suna da ɗigo. Waɗannan ƙwallaye ne da babu wani mai tsaro a gasar da zai ko kusance su, kai ka kai hannu, ni na hukunta ka da kaiwar. Da wani ne ba kai ba, ci zan rubuta. Naka na gaskiya ɗari biyu da hamsin da biyar ne, a shekara goma sha biyar, a kan tsakuwa. In aka cire su, ɗari tara da hamsin ka kama cikin dubu, kuma babu mai riƙe da allo a bangon nan da ya taɓa yawan ƙwallon da ka taɓa. A shekarar Ba'amurke, cikin talatin da takwas ɗin nan, goma sha tara masu ɗigo ne. Rabi cif.

Ba zan iya gyara littafin ba. Gasar ta mutu tun 2007, ofishinta ya zama shagon sayar da taya, awa ashirin da huɗun kuma sun wuce da shekara hamsin. Abin da ke hannuna kaɗan ne. Na kai littattafan goma sha biyar ofishin ƙungiyar tsofaffin 'yan wasa, duk mai so ya je ya ƙirga da kansa. Na rubuta wa kwamiti cewa na ajiye kujerata. Na kuma roƙe su su cire allona daga bango. Abin da aka rubuta a kansa gaskiya ne, fensirin bai san ɗan'uwa ba, amma ba abin yabo ba ne. Na sayi sunan mai adalci ne da guminka, ban tambaye ka ba. Ko za su sa naka a gurbin, ko ba za su sa ba, wannan nasu ne, na daina yi wa kowa alkawarin baɗi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Doña Fela, wadda ta yi jinyarka shekara huɗu ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Allah Ya ba ta haƙuri, Ya hutar da gajiyarta. Ina miƙa ta ga 'ya'yanka, Wilfrido da Amparo da Dionis, da jikokinka tara, da ƙanwarka Doña Luz da ta taso daga babban birni da ciwonta. Ina miƙa ta ga 'yata Nurys, wadda ta yi kuka a kabarinka fiye da yadda nake tsammanin za ta yi a nawa, kuma tana da gaskiya. Ina miƙa ta ga 'yan kaɗan da suka rage cikin waɗanda suka taka fili tare da kai. Allah Ya ba mu duka juriyar rashin, Ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.

Allah Ya ji ƙanka, Casimiro. Ya yafe maka kurakuranka na gaskiya, na fili da na wajen fili. Ya haskaka makwancinka, Ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba. Ranar da za a buɗe littafin da ba a gogewa, ina roƙon Ya dubi nisan da ka gudo kafin Ya dubi abin da ya faɗi daga hannunka. Duk inda akwai shakka a kanka, Ya rubuta maka alheri, kamar yadda ka yi mini har Lahadinka ta ƙarshe. Ni dai ban san da wane baki zan roƙa wa kaina irin wannan ba.

Leoncio Peguero
Santa Brigida